Hasken da Muka Nema wa Fuskar Auta

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki, ɓangaren mata, a nan Madina. Wanda bai san garin ba zai ɗauka wasa ne. A wurinmu zauren mata daban, na maza daban, kuma a ƙofar na mata akwai wadda aikinta kawai ta karɓe wayar kowa ta jefa a jaka, don kada hoton matar wani ba lulluɓi ya fita waje. Kyamara ɗaya ce ke da izinin shiga, tawa, kuma abin da na ɗauka daga hannuna sai hannun amarya. Namiji, ko ƙanena ne, bai taɓa leƙa allon kwamfutata ba. Maigidana ma in ina aiki sai ya yi gyaran murya tun daga nesa kamar baƙo.

Mu Hausawan Madina ne. Kakanmu ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, ya yi aikin hajji, ya zo ziyara, ya duba garin ya ce shi kam ya iso, duk mai son komawa Allah ya kiyaye hanya. A nan aka haifi Umma, a nan aka haife mu. Ni ce babba a ɗakinmu, kuma tazarar da ke tsakanina da autarmu ta kai har ni na goya ta. Auta ita ta ɗauko launin kakan nan namu kaf, ba ta rage wa kowa ba. Baƙa ce, irin baƙin nan mai santsi wanda in ta yi alwala ta fito sai ka sake kallonta. Ni dai haka nake ganinta tun tana zanen goyo. Ita kuwa ba haka take ganin kanta ba, don 'yan makaranta sun riga ni yi mata bayani.

To ga inda gizo ke saƙar. Zaurukan biki na garin nan fitilunsu farare ne ƙal, daga sama suke zubowa kamar a ɗakin tiyata. Rigar amarya fara. Kujerar da take zama a kan dandamali, wadda muke ce wa kosha, ita ma fara, furannin bayanta farare. Kyamara kuma ba ta da wayo: da ta ga fari ya yi yawa sai ta tsuke ido, fuskar da ke saman rigar ta nutse. Amarya mai hasken fata ba ta da asara. Tamu kuwa ɗayan biyu ne. Ko ta fito riga ce ke tafiya da haƙora a sama, ko mai kwalliya ta dame ta da farar hoda daga goshi har ƙirji, fuska ta fito kamar an tsoma a garin alkama, hannuwa kuma na asali. Duk masu ɗauka na garin haka muke samu, har mun sallama cewa halin kyamara ne.

Da aka sa ranar Auta, wata la'asar na shiga ɗakinta na tarar da kwalabe a jere gaban madubi, da wani ɗan gwangwani wanda warinsa ya tare ni tun daga ƙofa. Man bilicin ne.

Na ce, "Wannan fa?"

"Kirim ne, Yaya. Adi, ba wani abu ba ne, kowa na shafawa."

"Kowa wa? Uwar wa ta taɓa shafawa a gidan nan?"

Ita Auta in ka yi mata Hausa, rabin amsar da Larabci take zuwa. Ta ce ta je kallon bidiyon bikin ƙawarta, ta ga yadda mata ke toshe baki da mayafi suna dariya, amaryar na zaune tana jin su.

"Wallahi ni ba za a yi dariyata ba. Halas. Kafin ranar zan yi haske, abin da ya rage mai kwalliya ta ƙarasa."

Na yi faɗa, don ni ba a san ni da haƙuri ba. Na kwashe kwalaben na zuba a kwandon shara, ta bi ta kwaso abinta. Da na huce sai na ga ba ni da abin da zan miƙa mata a madadinsu. Tausayinta ya kama ni.

A daidai lokacin ne wasu tsofaffi biyu suka tare a benen da ke samanmu, 'yan Indiya, mata da miji. Ɗansu yana aikin haɗa magani a wani asibiti, shi ya kawo su su ɗan zauna kusa da Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam. Matar gajera ce mai yawan dariya, muna ce mata Hala, wato inna da Larabci. Mijin dogo ne siriri, baƙi kusan kamar mu, da farin gemu, muna ce masa Ammu, wato baffa. Yana da wata ɗabi'a. Bayan la'asar sai ya tsaya a kan matakala inda rana ke shigowa ta ƙaramar taga, ya haɗa yatsunsa su yi kusurwa huɗu, ya kanne ido ɗaya yana leƙe ta ciki. Umma ta ce wata irin addu'a ce ta mutanen can, kada kowa ya dame shi.

Ranar da ya gan ni ina saukowa da kayan aiki ya tsare ni. Ya tambaya ina za ni, na ce biki. Ya nuna fitilar da nake ɗaurawa a kan kyamara, ya karɓa, ya kunna, ya haska tafin hannunsa, ya girgiza kai kamar likitan da aka kawo wa majinyaci a makare.

Da Larabcinsa na kasuwa ya ce, "Binti, wannan ta neman ɓarawo ce. Ba ta amarya ba."

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, tsoho, ibada ka zo, ka yi ibadarka. Sai Hala ta leƙo daga sama tana dariya, ta ce in yi haƙuri, ciwonsa ke nan, bai iya ganin fitila ya wuce ba. Ta ce ɗan sinima ne, a bayan kyamara ya ƙarar da ƙuruciyarsa.

Da labari ya kai kunnen Umma, ba ta jira komai ba ta soya waina ta ce in rakata sama. Umma fim ɗin Indiya ne ya raine ta tun zamanin kaset, tana kuka tare da su ba tare da ta ji kalma ɗaya ba. Ta zauna ta fara jero masa jarumanta, tana tambaya ko suna nan lafiya. Ammu ya saurara da ladabi har ta gama.

"Ba nasu nake yi ba, Hajiya. Namu da harshen Kannada ake yi, can kudu."

"Au! Indiyar ma kashi-kashi ce?"

Hala ta yi mata bayani cewa su da harshensu, da rubutunsu, da sinimominsu, da jaruman da mutanensu ke mutuwar so, sai dai in sun fita waje kowa na ɗaukarsu abu ɗaya da na arewa. Umma ta gyaɗa kai ta ce, "To ai mun san wannan. Mu ma a nan kowa Takari ne, ba mai tambaya Bahaushe ne ko Babarbare." Daga ranar ta ɗauke shi ɗan'uwa, ko da yake ta ɗan jima ba ta yafe masa rashin sanin jarumanta ba.

Labarin aikinsa a gutsure na same shi, a kan shayi mai madara da citta, da Larabcin Hala, da Turancin makarantata, da hannayensa, waɗanda suka fi mu duka iya magana. A wani gari na bakin teku aka haife shi, inda mahaifinsa ke da shagon hoto, irin wanda ake zaunar da mutum gaban labule mai zanen lambu. Daga can ya tafi Bangalore ya shiga masu fim. Ya yi shekaru yana auna tazarar da ke tsakanin kyamara da hancin jarumi da igiyar awo kafin a yarda ya sa ido a kyamarar. A zamanin kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanko shi bayan kwanaki, saboda haka dole idonka ya zama shi ne allon. Da ya zama mai ɗauka, ya yi fina-finan manoma da na masunta da na 'yan daba, ya ɗauki ruwan sama na Allah da na motar kashe gobara. Daga baya ya hau kujerar darakta amma bai saki kyamarar ba, shi ke umarni shi ke ɗauka. Fim ɗinsa na farko a darakta, in ji Hala, dangi ne kawai suka kalla, su ma don kunya. Na biyu kuwa ya daɗe a sinimomin ƙauye har direbobin bas na gaishe shi a tasha. Da aka koma kyamarar zamani ya yi gunaguni, ya koya, ya ci gaba, har gwiwoyinsa suka ce su kam sun gaji.

Sai na gaya wa Hala matsalar Auta, mace da mace. Ita kuma, kamar kowace matar kirki, kafin shayi ya huce ta gaya wa mijinta. Ya dai aike ta kicin ta kawo farin faranti da dabinon ajwa ƙwara ɗaya, baƙin nan na Madina. Ya sa dabinon a tsakiya ya ce in ɗauka yadda na saba. Na kunna fitilata na ɗauka. Faranti ya fito tas, dabino kuwa kamar ƙuda a nono.

Ya kashe fitilar ya ture ta gefe da ɗan yatsa. Ya ja labule rabi, ya sa Hala ta ware farin mayafinta a inda rana ke faɗa masa, ya hana kyamarar yin shawara da kanta, ya murɗa da hannu. Sannan ya miƙo mini. Sai ga dabino ya farka. Kowace lanƙwasa ta fito, da wani ja-ja da ke ɓoye a cikin baƙin, da sheƙin da ya sa na ji kwaɗayinsa alhali a garin dabino aka haife ni.

"Baƙar fata mayar da haske take yi," in ji shi. "Kada ki jefe ta da fitila. Ki ba ta abu babba mai laushi ta kalla, za ta nuna miki shi."

Dabino ba ya motsi, ba ya gumi, ba ya sa riga. Muna bukatar mutum. Matan gidanmu ba wadda za ta zauna gaban Ammu ba lulluɓi, saboda haka ido ya faɗa kan maigidana. Shi direban bas ɗin alhazai ne, kuma a launi ya ɗara Auta. Ranar Juma'a bayan la'asar muka hau rufin gida, muka naɗe shi da farin zanen gado daga wuya har ƙafa, muka zaunar da shi a kujerar roba. Ƙato da gashin baki. Ammu ya koma darakta nan take, murya ta canza, tafiya ta canza, gwiwa ta manta tana ciwo.

"Amarya, sunkuyar da kai! Kunya! Ƙara kunya! Yanzu ɗago a hankali, kalli ango."

Maigidana ya ɗago a hankali, ya kalli tankin ruwa da kunya. Umma ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Maƙwabta suka fara fitowa kan rufinsu kamar masu neman wata.

"In abokan aikina suka ji wannan," in ji shi, "sai dai in koma garin Yanbu da zama."

"Amarya ba ta surutu," in ji Ammu.

A kan rufin nan na koyi abin da shekaruna a zaurukan biki ba su koya mini ba. A rage wa riga haske da baƙin ƙyalle, a ƙara wa fuska. A sa wata fitila a baya can sama, ta zana gefen kai da kafaɗa don mutum ya rabu da bango. Kada a kashe fata da hoda, a bar mata ɗan maiƙo a kan kunci. Ana cikin haka idon Ammu ya faɗa kan babban farantin tagulla na Umma, wanda aka hau mana da shayi a kai, wanda a ƙa'ida sai da salla yake fitowa. Ya kwashe kofunan, ya karkata farantin a ƙarƙashin haɓar maigidana, sai wani haske mai ɗumi kamar zuma ya hau masa fuska. Hoton ya yi kyau har maigidana ya sa na yanke zanen gadon daga hoton, ya aika wa mahaifiyarsa.

Na kai wa Auta ta gani. Ta taɓe baki. "Shi namiji ne, Yaya. Wa ya damu?"

Hala ce ta san maganinta. Ta kira ta sama da sunan ta zo ta gyara mata wani abu a waya, sai ta buɗe mata wani yanki na tsohon fim ɗin Ammu. Wata yarinya ce a bakin teku da kwandon kifi a ka, baƙa kamar Auta ko fiye, an kira ta daga baya ta waiwayo. Shi ke nan abin da ya faru, waiwaye kawai. Amma in ka gani sai ka nemi wurin zama. Hala ta ce mai fim ɗin ya dage sai an shafe yarinyar da hoda, Ammu ya rufe kyamararsa ya je ya zauna a gindin kwakwa, ya ce in an gama fentin a nemo wani mai ɗauka. Rana na tafiya, ma'aikata na zaune, dole aka wanke mata fuska.

Auta ta kalla, ta maimaita, ta sake maimaitawa. Da ta sauko ta same ni a kicin, ba ta kalle ni ba.

"Tayyib. Na bar kirim, kuma mai kwalliya ba za ta canza mini launi ba. Bas, amma da sharaɗi. Kada ki gwada ni, kada ki nuna mini komai kafin ranar, in na gani zan tsorata in fasa. In kuma ya fito ba kyau, ki goge shi duka, ko Umma ba za ta gani ba. Gara a ce ban yi bidiyo ba."

Na ce na yarda. Biki ba a maimaita shi. In na kasa, ƙanwata za ta tashi ba ta da ko hoto ɗaya na ranarta, kuma na san washegari za ta koma wa gwangwanin nan, wannan karon ba wanda zai iya hana ta.

Ana saura kwana kaɗan muka je zauren da hantsi, lokacin ba kowa, ni da Ammu da Hala. Mai kula da wurin wani Bahaushen Chadi ne, ya tsaya baki buɗe yana kallon tsoho mai farin gemu na saukowa daga matakalar amarya a hankali, riƙe da furen da babu shi. Ammu ya ce a kashe fitilun da ke saman hanyar amarya.

"Ya hajji, haram alaik," in ji mutumin. "Mata za su ce mun yi rowar wuta."

Aka ja, aka sassauta, aka daidaita: za a kashe su lokacin shigowar amarya kawai. Aka cire fararen furannin bayan kosha aka rataya labule kore mai duhu. Ammu ya durƙusa da kyar ya manna ɗan salatif a kan kafet wuri biyu, inda amarya za ta tsaya ta juyo da fuska. Sannan ya sa na yi ta tafiya da baya riƙe da kyamara, daga matakala zuwa kosha, har ƙafafuna suka haddace hanyar.

Muna fita yana murza hannu da murna, ya ce, "Yanzu sai mu ga yadda zai fito." Na tsaya. Wallahi sai a lokacin abin ya faɗo mini.

"Ammu, ka san fa ba za ka gani ba. Bidiyon mata ne."

Ya kalle ni. Sai ya fashe da dariya har ya jingina da bango.

"Duk rayuwata ina faɗa da masu yanke mini fim," in ji shi. "Yau ga wanda aka yanke mini dukansa."

Dariya yake yi, amma na ga abin ya taɓa shi, ni ma kuma ya taɓa ni. Sai Hala ta gyara mayafi ta ce, "Ni zan gani." Ashe duk tsawon aikinsa bai taɓa kai ta wurin ɗaukar fim ba, kullum sai ya ce akwai rana, akwai hayaniya. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce yanzu shi zai zauna a waje, akwai mata.

Ranar biki Hala ta zo cikin koren sari, rungume da farantin Umma kamar garkuwa. Mai kwalliya ta gama aikinta tana ƙunƙuni, wai za a ce ba ta yi komai ba. Umma na nata ƙunƙunin, wai babbar yaya guda ta sa takalmin gudu a ƙarƙashin leshi. Ammu kuwa ya ƙi shiga zauren maza ya ci shinkafa kamar kowa, ya kafa kujera a wurin ajiye motoci kusa da ƙofar mata. Tunda an karɓe wayoyi, sai Hala ta riƙa fita tana dawowa da saƙo tana haki. Ya ce kada amarya ta ɗaga haɓa. Ya ce a duba ko goshi ya yi gumi. Ya ce in ja numfashi kafin in danna. A karo na ƙarshe ta dawo ta ce, "Ya ce wani abu, amma ban tsaya ji ba."

Aka kashe fitilun sama. Zaure ya ɗauki guna-guni, wata tsohuwa ta ce da ƙarfi, "An ɗauke wuta ne?" Sai kiɗa ya tashi, ƙofar sama ta buɗe, Auta ta fito. Ta sauko, ta taho, ta zo kan salatif na farko, ta wuce shi fuu kamar ba ta taɓa jin labarinsa ba. Na kusa ƙwala mata kira. Duk hasken da muka shirya yana can baya, ita tana shiga duhu.

Kafin in yi wani tunani sai na ga Hala, tsohuwa mai jikoki, ta tattare sari ta sha gabanta, tana tafiya da baya a duƙe, tana karkata farantin nan tana farautar fitilar gefe. Ta kuwa kamo fitilar. Hasken tagulla ya hau wuyan Auta ya hau kuncinta. Daidai salatif na biyu Umma ta rangaɗa guɗa, irin wadda ba ta yi ba tun bikina, Auta ta tsaya cak, ta juyo wajen muryar uwarta, ta ga Hala a duƙe da faranti, dariya ta ƙwace mata. Na riƙe numfashi yadda Ammu ya ce, na ci gaba da ɗauka. Ni na ga abin da na gani a ɗan allon, amma ba idona ne alƙali ba.

Haɗa bidiyon ma wani bikin ne. Da farko Hala na zama kusa da ni ta kalla, ta hau sama ta ba da labari, ta sauko da umarni. Da ƙafafunta suka gaji ta ce ita ba lif ba ce. Sai Ammu ya sauko ya zauna a kan matakala a bakin ƙofata, ya ba ƙofar baya, na juya allon ya kalli bango. Hala na kallo tana zuba masa da Kannada, tana yi da hannu duk da ba ganinta yake ba, shi kuma ido a rufe yana sauraron kiɗan yana cewa, "Yanke nan. A'a, bar ta ta ƙara numfashi ɗaya." Da muka zo inda Auta ta wuce salatif, na ce zan cire. Hala ta yi masa dogon bayani, wanda na tabbata rabinsa yabon kanta ne. Sai ya ce a bar shi yadda yake, da shi ne a ciki ma da ba zai yi abin da ya fi haka ba. Hala ta wuni tana murmushi.

Auta ta zo gida lallen hannunta ya fara koɗewa. Muka shiga ɗakin Umma, ni da ita da Umma da Hala, muka rufe ƙofa. Ta karɓe rimot ta riƙe da kanta, ɗan yatsa a kan maɓallin tsayarwa, ta zauna a bakin kafet kamar mai shirin gudu. Ni ko zama ban iya ba.

Aka nuna zaure, aka nuna baƙi, aka nuna ƙofar sama ta buɗe. Aka zo duhun nan, na ga kafaɗunta sun ɗaga. Sai hasken ya hau, amaryar cikin talabijin ta juyo ta yi dariya. Auta ta danna, hoton ya tsaya. Ta rarrafa har gaban allon ta daɗe tana kallo.

"Me kika yi mini a kwamfuta, Yaya?"

"Ban taɓa miki komai ba. Ga Hala nan, a gabanta aka yi."

Hala ta ɗora hannu a ƙirji ta ce wallahi, sau biyu.

"Ya'ni haka nake?"

"Haka kike tun ranar da aka miƙo mini ke," in ji Umma.

"To me ya sa ba wanda ya taɓa faɗa mini?"

"Ke! Bakina har ya gaji da faɗa."

"Ke uwata ce, Umma. Dole ki ce haka."

Ta sa tafin hannunta a kan kuncin da ke cikin allon, ta sa ɗayan a kan nata. Tana kuka tana dariya, ni ma na bi ta, ba na ɓoyewa, ban taɓa jin daɗin aiki kamar na ranar ba. Da ta gaji ta share ido da gefen mayafi ta juyo.

"Yaya, mayar da shi farko. Kuma a kira mini dangin mijina mata, da ƙawayena duka, su zo bayan la'asar. A buɗe babban falo."